Shekarar da Binain Ya Kama Ni

Ba zan taɓa mantawa da ƙullutun da ya fito mini a ƙwauri ba, kuma ko na so in manta, mutanen Zongon Yendi ba su da wannan tausayin.

A tsakiyar shekarun 1990 ne. Ni tela ne, shagona na bakin kasuwa, kuma an san ni da abu biyu: iya yanka wando da iya Turanci. (Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa, makarantar midil na gama, kuma a layinmu babu wanda ya kai nan, saboda haka babu mai ƙaryata ni.) Ni ke fassara wa maƙwabta labaran rediyo. Inda ban gane ba, in cike da nawa.

Ƙullutun yana ƙasan gwiwar dama, da tauri kamar dutse. Da fari na share shi, sai ya fara yi mini zogi idan na daɗe ina taka keken ɗinki. Nan tsoro ya shige ni, domin akwai wani mahauci a unguwarmu da ciwo ya fara masa haka, aka yanke ƙafar, bai kuma shekara ba. Tela kuwa da ƙafa yake ci. Ga matata Memuna, ga 'ya'ya uku.

Memuna ta matsa mini, na hau lori zuwa wani asibiti da aka ce likitan ƙashi yana leƙowa. Aka ɗauki hoton ƙafar. Likitan mutumin kudu ne, ba Hausa ba Dagbanci. Nas ɗin da ke tare da shi, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce, "Ɗana, in fassara maka?"

Na gyara wuyan riga. "Mma, ki huta. Ni da dokta za mu fahimci juna."

Dokta ya ɗaga hoton saitin taga, ya nuna wani ɗan tsiro a jikin ƙashi, ya yi ta zuba Turanci yana murmushi. Ni kuma ina gyaɗa kai kamar wanda ya koya masa aikin. Na gane ya ce ƙari ne, na gane za a yi tiyata. Sai wata kalma da ya yi ta maimaitawa: binain. Murmushin kuwa na ɗauka irin wanda ake yi wa mai shirin barin duniya ne. Ya tambaye ni ko na gane, na ce ƙwarai.

Da na isa gida na zauna a kan tabarma, na sunkuyar da kai. "Memuna, sai haƙuri. Binain ne."

Ta ɗora hannu a ka. Ba ta san mene ne ba, amma daga jin sunan ta san ba na wasa ba ne.

Aka aika Salaga, aka aika Bawku. Kawu Fuseini, mai fataucin doya, ya iso daga Salaga, ya latsa ƙullutun, ya girgiza kai. "Binain? Ai na san shi. Shi ya kashe wani abokin cinikina a Kpandai." (Har yau ban san abin da ya kashe bawan Allahn nan ba.) Yayata Azara ta taso daga Bawku da zabi biyu a kwando, tun daga bakin ƙofa take kuka.

Tsoron gaske nake ji, amma ba zan ɓoye muku ba, jinyar ta yi daɗi. Farfesun zabo safe da yamma. Na koyi wata siririyar murya ta masu wasiyya. Har na kira Memuna na ce idan ta Allah ta kasance na yarda ta yi aure, amma ban da Alhassan, telan da shagonsa ke kallon nawa, don ko hannun riga bai iya ɗorawa ba.

Ranar tiyata lori guda muka cika. Kawu, mai hangen nesa, har ya sa kafinta ya sassaƙa mini sandar guragu, ya riƙo ta a kafaɗa.

Aka shigar da ni, aka kwantar, aka gitta wani zane a ƙirjina don kada in ga ƙafar. Dangi suna tsaye a baranda, bayan taga. Can sai na ji wani abu mai sanyi ya taɓa ƙwaurina. Na ce shi ke nan, zarto ne.

"Wayyo ƙafata! La'ilaha illallahu! Kawu, sun fara!"

Baranda ta ɗauki salati. Na ji Yaya Azara ta kurma ihu, na ji ana kiran a kawo ruwa, wai ta faɗi.

Nas ta leƙo ta saman zanen. "Ɗana, auduga ce. Wanke wurin nake yi. Dokta ma bai gama sa safar hannu ba."

Da aka yi allurar kashe zafi, ban ƙara jin komai ba sai ɗan ƙwanƙwasa, kamar ana gyaran kujera a ɗakin maƙwabci. Ɗan tsagi dokta ya yi, ya kankare tsiron, ya ɗinke. A matsayina na tela, na yi ramin maɓallin da ya fi shi tsawo.

Aka turo ni waje da ƙafa biyu cif da filasta guda. Nas na biye da wata 'yar kwalba da za a aika gwaji, a ciki ga maƙiyin nawa, bai fi ƙwallon dabino ba.

Yaya Azara ta tare ta, ido jawur. "Mma, don Allah ki gaya mana gaskiya. Binain ɗin zai dawo?"

Nas ta sauke tabarau. "Wane binain? Ai ba sunan cuta ba ne. Ma'anarsa abu mara illa. Tsiron ƙashi ne kawai, ba ciwon daji ba. Tun ranar farko dokta ya gaya masa, ya ce ya gane ƙwarai. Na ce in fassara, ya ce in huta."

Kawu ya dubi sandar da ke kafaɗarsa, ya dube ni, ya jingina ta da bango a hankali. Na rufe ido na yi kamar allura ba ta sake ni ba, alhali a ƙafa aka yi ta.

Memuna ta sunkuyo, hawaye na zuba, dariya na cin ta. "Sannu, maigida. Sai dai a ba Alhassan haƙuri."

Bayan sati biyu na koma kan keke, kafin nan labari ya riga ni isa kasuwa. Tun daga lokacin, duk likitan da ya tambaye ni ko na gane, cewa nake a'a, ko da barka da asuba ya yi mini.