Hon ɗin Muƙaddashi

Duk tsawon layin, daga bakin famfo har gidan da ke kallon taransifoma, babu mutum mai daraja kamar Muƙaddashi. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma mutum ne da ba ya magana sai ya yi bincike. Shekara shida da suka wuce ciwon baya ya kwantar da shugaban sashen ajiye fayil a ofishinsu, aka ce ya riƙe kujerar. Kwana tara ya yi a kanta. Shugaban ya warke ya karɓi abarsa, amma sunan ya zauna daram. Tun daga ranar, duk wanda ya kira shi da sunan yanka sai ya maimaita sallama. Biro uku ne a aljihun gabansa, kuma an ce ɗaya daga ciki har yana rubutu.

Allah ya ba shi komai: tumbi, gilashin ido, da murya mai cika ɗaki. Abu ɗaya aka rage masa, shi ne hon. 'Yar motarsa ruwan toka tana da kirki, tana tashi da safe in an lallaɓa ta, amma in ya danna tsakiyar sitiyari sai ta ce fit-fit, kamar ɗan tsako ya sha ruwan sama. Abin yana ci masa rai, ya dai daure shekara da shekaru saboda manya an san su da haƙuri.

Sai ga zaɓe. Ƙungiyar mazauna layin za ta naɗa shugaba ranar Asabar da la'asar, kuma Muƙaddashi ya riga ya ga kansa a kujerar, har ya sayi biro na huɗu. Abokin takararsa mai kantin magani ne, wani mutum maras tsari da ke gaida kowa, har yakan share kwatar ƙofar kantinsa da hannunsa. Muƙaddashi tausayinsa ma yake ji.

Ranar Litinin da yamma abin kunya ya faru. Wata akuya ta kwanta a tsakiyar hanya, daidai gaban shagon tela inda dattawan layin ke zama, wato masu ƙuri'a ke nan. Muƙaddashi ya tsaya, ya gyara gilashi, ya danna. Fit-fit. Akuya ko kunne ba ta kaɗa ba. Ya sake dannawa da hannu biyu, ta ci gaba da tuƙa abinta tana kallonsa. Mai kantin magani ya fito, ya tafa hannu sau ɗaya, ta miƙe ta ba da hanya. Dattawa suka yi ta dariya, tela har da riƙe ciki.

Ya shiga gida ransa a ɓace. Matarsa ta tare shi da nata ƙorafin.

"Baban yara, yau mako uku motar shara ba ta zo ba. Bayan kicin ba ya shiguwa don wari, ƙuda sun hana mu sakat."

"Ke dai ba ki san inda duniya ta dosa ba," in ji shi. "Ina maganar shugabanci, kina maganar bola. Shugaba murya ne. Al'umma ba ta bin wanda akuya ta raina."

Ta dube shi, ta dubi tumbin, ta koma kicin. Shi kuwa bai taɓa ganin motar sharar nan da idonsa ba. Takan zo ne ranar Talata da hantsi, lokacin yana ofis yana kare martabar fayil.

Asabar da sassafe ya kai motar garejin mai gyaran wutar mota. Aka fito masa da hon kala-kala, ana haɗa waya da batir yana saurare, ido a lumshe, kansa a karkace. Wannan na 'yan tasi ne. Wancan na masu rawar kai ne. Na ukun ya yi kama da na mai kantin magani, don haka a mayar. Can mai gyaran ya shiga bayan gareji ya jawo wasu ƙahoni biyu na ƙarfe, kowanne ya kai tsawon hannu, da tukunyar iska duk ta yi baƙi.

"Yallaɓai, wannan ba na kowa ba ne. Daga jikin wata babbar motar hukuma na cire shi, injinta ya buga kwanan nan. Ina tabbatar maka, duk layin da ta shiga ta danna shi, gida-gida ake fitowa."

Da jin kalmar hukuma Muƙaddashi bai ƙara tambaya ba. Mutum mai bincike ya san inda ake tsayawa. Aka ɗaure ƙahonin a gaba, aka cusa tukunyar a but. Murfin but ɗin ya ƙi rufuwa, sai aka ɗaure shi da waya, bakinsa a hangame. Mai gyaran ya ce a yi haƙuri da hakan. Muƙaddashi ya ce ai babban abu ba ya ɓoyuwa.

Saura awa ɗaya a fara taro ya karyo kwanar layin, sanye da kaya masu sitaci, takardar jawabi shafi huɗu a kujerar gefe. Ya rage gudu. Ya yi gyaran murya, kamar shi ne zai yi ƙaran. Ya danna.

Paaam-pom! Paaam-pom!

Tagogi suka girgiza. Tattabaru suka watse daga kan wayar lantarki. Akuyar nan ta haura katanga, abin da ba a taɓa sanin tana iyawa ba. Sannan ƙofofi suka fara buɗewa, ɗaya bayan ɗaya, daga bakin famfo har taransifoma. Mata da maza, tsofaffi da masu jini a jika, kowa ya fito da gudu, wani ba takalmi, wata tana gyara mayafi a hanya. Ana ta kiran juna: "Ta zo! Ku fito, ta zo!" Wata har da guɗa.

Daɗi ya kama Muƙaddashi har idonsa ya kawo ruwa. Shekara shida yana jiran wannan rana. Ya taka birki, ya fito, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku, kowa zai samu ganina! Na san kun daɗe kuna jira. Na san abin da kuka tara a zukatanku. Ku kawo mini shi, ni zan ɗauka!"

Iska ce ta fara kawo masa amsa. Ya shaƙa, ya tsaya. Ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Sai a lokacin ya lura ba wanda ya fito hannu sake. Bokiti, buhu, kwali, tsohon baho, kowa da tarin mako uku, ƙuda na rakiya. Suka yi cirko-cirko suna leƙa bayansa, suna neman babbar motar. Wata tsohuwa da idonta ya yi rauni ba ta tsaya nema ba. Ta ji hon, ta ga baki a buɗe, ta juye bokitinta a but, ta ƙwanƙwasa gindinsa don kada a bar saura.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta ce. "Amma motar taku ta rame."

Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya hango wata mace ta ratso taron da baho a ka, ta fi kowa sauri. Matarsa ce. Suka haɗa ido. Ta sauke bahon a hankali a gaban takalminsa mai sheƙi.

"Au, kai ne? To, tunda ka ce za ka ɗauka."

An yi taro a kan lokaci. Mai kantin magani ya zama shugaba, kuma da yake mutum ne maras tsari, bai yi jawabi ba, sai ya kawo shawara guda. Ya ce tunda Allah ya nuna wa kowa wanda layin ke amsa kiransa, a ba Muƙaddashi kula da kwashe shara har hukuma ta samo wata motar. Ba a samu ko mutum ɗaya da ya ƙi ba. Tela ya ƙara da cewa kada a danna hon ɗin sai ranar Talata, saboda masu hawan jini. Nan ma hannu ya tashi gaba ɗaya.

Yanzu in ka je ofishinsu za ka same shi a bakin kantar fayil, biro huɗu a aljihu, yana gaya wa sababbin ma'aikata cewa a layinsu ko tsinke ba a fitarwa sai an ji shi. Kuma wannan karon gaskiya yake faɗi. Ranar Talata kawai yakan ɗan makara, kuma ba mai son shiga motarsa, ko da rage hanya ne.