Mawaƙiyata ta Landan

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da aka yi bikin ƙanwata Mariyama, duk da cewa na yi iyakar ƙoƙarina wajen mantawar. Mutanen layinmu ne ba su ba ni haɗin kai ba.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake a lokacin. Ina da ɗan shago a unguwar Alabar, cikin Kumasi, ina gyaran waya, ina sayar da caja da iyafis, ina kuma zuba wa mutane waƙoƙi a memori. Wannan aiki na ƙarshe shi ya lalata ni. Mutum zai zo ya ce in sa masa waƙoƙin da ke tashe, in sa masa, sannan in ƙara masa goma da bai roƙa ba, na ƙananan mawaƙan nan masu yin kiɗansu a ɗaki su ɗora a intanet da kansu, waɗanda ba wanda ya san su sai ni da iyayensu. Ina da doka guda: duk waƙar da na ji a cikin trotro, wato motar haya, ta mutu a wurina. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in ɗora waƙoƙi biyar a sitatus, kowacce da ɗan bayaninta. (Daga baya na lura yawancin masu duba sitatus ɗin ƙawayen mahaifiyata ne, su kuma na kowa suke dubawa.)

Wata rana da yamma ana ruwa, ba ciniki, ina ta tone-tone a manhajar waƙoƙi sai na faɗa kan wata waƙar rawa da Turanci. Muryar mace ce, ba ta ihu, tana da ɗan kaushi mai daɗi, kiɗan kuma yana tafiya a kan wani sauti mai ƙar-ƙar-ƙar wanda ban taɓa jin irinsa a waƙa ba. Babu fuskarta, hoton wata taga ce kawai da shuɗin labule. Sunanta ma haruffa biyu ne. Waƙoƙinta huɗu, masu sauraronta ba su cika ɗari ba. Na ji kamar na tsinci zinariya a kwata.

Nan take na yanke hukuncin cewa 'yar Landan ce. Hujjata ita ce Turancinta yana fita tas, kuma tagar ta yi mini kama da ta Turawa. Na zauna na rubuta mata dogon sharhi a ƙarƙashin waƙar, na zuba duk manyan kalmomin da na baro a sakandare. Bayan kwana biyu ta amsa da kalma biyu ta godiya da ɗan hoton hannaye. A kan waɗannan kalmomi biyu na gina abota mai hawa uku.

To, akwai Rukayya. Tela ce, shagonta ƙofa biyu tsakaninsa da nawa, mahaifinta kuma shi ne ladanin masallacin layinmu a Zango. Mace ce mai shiru, irin wadda za ta yini a kan keken ɗinki ba ka ji ta ce komai ba sai “sannu da zuwa” da “jibi ki dawo”. Na shekara ina son ta ban faɗa ba. Wasu samarin turare suke kai wa budurwa, ni waƙa nake kaiwa, da sharhi a kai.

Washegarin amsar nan na shiga shagonta na miƙa mata iyafis guda. Ta tsayar da keken, ta sa a kunne. Ba a yi nisa ba ta ɗago ta dube ni.

“A ina ka samo wannan?”

“Irin wannan ba samunta ake ba, Rukayya, tono ta ake,” na ce. “'Yar Landan ce. Kin ji ƙar-ƙar ɗin nan na ƙasa? Wani kayan kiɗa ne na mutanen Karebiyan. A Kumasin nan kaf babu mai kunnen da zai haɗa wannan.”

Ta sunkuyar da kai kan atamfar da take ɗinki. Na ga kafaɗunta suna motsi, na ɗauka waƙar ce ta taɓa ta.

“Ka san ta ke nan?” ta tambaya, kanta na ƙasa.

“Muna gaisawa.”

“Me take ce maka?”

“Ta ce ba ta taɓa ganin mai kunne irina ba.”

“Ikon Allah,” in ji Rukayya, ta ci gaba da taka kekenta.

Wajen wata biyu na yi ina kai mata labarin ƙawata ta Landan. Na ce sanyi na damunta. Na ce tana son zuwa Ghana a Disamba. Rukayya takan ce “Allah sarki” ta gutsure zare da haƙori.

Ana saura kwana uku biki na je karɓar yayin mahaifiyata, wato atamfa iri ɗaya da matan gida za su sa, domin Rukayya ce ta ɗinka wa kowa. Na gaya mata na riga na shirya da sifina, mai sa kiɗan bikin, cewa da waƙar nan amarya za ta fito. Ta ajiye almakashi.

“Don Allah kada ka sa ta a bikin nan.”

“Tsoron sabon abu shi ke kashe mutanenmu,” na ce.

“Ba tsoro ba ne. Roƙonka nake yi.”

Na ce “to”, irin “to” ɗin da ake ce wa mai tallan maganin basir a mota. Ban tambaye ta dalili ba. Na fita ina tausaya mata saboda ƙarancin wayewa.

Ranar Lahadi aka ɗaura aure da safe. Bayan la'asar aka tare layi da kanofi, aka jera kujerun roba har bakin kwata, mata suka cika wurin da yayi da gwala-gwalai, ga sifika biyu kowacce ta kai tsayin mutum. Da lokacin fitowar amarya ya yi, sai na je na karɓi makirfo daga hannun emsi, mai gabatar da biki. Ba wanda ya ce in yi jawabi. Ni na ga ya dace.

Na yi sallama, na gode wa jama'a, sannan na ce yau za su ji abin da ba a taɓa sawa a wani biki a Zango ba. Na ce mawaƙiyar tana Landan, ƙawata ce ta kusa, ta so ta zo amma aiki ya riƙe ta. (Nan ya kamata in tsaya.) Na ƙara da cewa jiya-jiyan nan muka yi waya, ta ce in miƙa gaisuwarta ta musamman ga amarya. Aka tafa. Mariyama, daga bakin ƙofa, ta dube ni da alfahari. Na ɗaga wa sifina hannu kamar mai ba jirgi izinin tashi.

Gaskiya farkon abin ya yi kyau. 'Yan mata suka miƙe, amarya ta fara takowa, har wata Hajiya mai sanda na ga tana kaɗa kai. Ina tsaye a tsakiya da makirfo a hannu, ina jin kaina kamar wanda ya kawo wa unguwa ruwan famfo.

A layin gaba akwai Mma Salamatu, kakar Rukayya ta wajen uwa, wadda ta shekara talatin tana sayar da shinkafa da wake a bakin mararraba. Daga arewacin ƙasar nan ta zo tun tana budurwa, Hausarta ba ta raba mace da namiji, muryarta kuma ba ta bukatar sifika. Ta karkata kunne, ta ɗan saurara, sannan ta ce wa ta kusa da ita:

“Wannan Rukayya ne.”

Na kusa da ita suka yi dariya. Da na yi shiru da ƙila maganar ta mutu a nan, a ce tsufa ne. Amma ni mai ilimi ne, kuma mai ilimi ba ya barin kuskure ya wuce. Na kai makirfo baki, na amsa mata yadda duk layin zai ji.

“A'a Mma, kin yi kuskure. Wannan 'yar Landan ce.”

“Wane Landan?” in ji ta. “Ni na goya shi. Kullum in shi na wanke-wanke wannan waƙa shi ke yi. Kai ba ka ji keken uwarshi na kuka a ciki ba?”

Ban san abin da ya sa sifina ya rage kiɗan ba, ƙila shi ma yana son ya ji. Muryar ta ɗan tsaya a daidai wurin, sai ƙar-ƙar-ƙar ɗin kaɗai ya rage a cikin sifika. Babu matar da ke ƙarƙashin kanofin nan da ba ta taɓa zama a shagon Rukayya tana jiran ɗinki ba. Kowacce ta san tsohon keken nan da ɗan tsallen da yake yi bayan taku huɗu. Ni da nake ƙofa biyu da shi, nake jin sa daga safe zuwa magariba, ni ne na kai shi Karebiyan.

Kawuna suka juya gaba ɗaya. Rukayya tana cikin ƙawayen amarya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata gwaggonmu ta ce, “Rukayya, ke ce?” Rukayya ta ƙara jan mayafin. Can ta gyaɗa kai.

Emsi ya zo ya zare makirfo daga hannuna a hankali, kamar mai karɓe wuƙa daga hannun wanda ya sha. Ya ce, “Jama'a, albishirinku. Baƙuwarmu ta Landan ta samu isowa. Da ƙafa ma ta zo.” Ya maimaita da yaren Twi don kada dangin ango na Asante su yi asara. Na duba wajen mahaifiyata, na tarar ta duƙufa tana nazarin wani faranti da ba komai a cikinsa.

Sau uku aka sa sifina ya maimaita waƙar. Ni kuma ba damar guduwa, domin ni ne wan amarya, ni zan loda kaya a motar da za ta kai ta gidan mijinta a Asokore Mampong. Duk matar da ta miƙo mini tukunya sai ta tambaye ni yadda sanyin Landan yake bana. Kafin mu tashi an raɗa mini suna Boga, sunan da ake ce wa wanda ya dawo daga Turai. Har yau shi nake amsawa.

Wannan duk ɓangaren dariya ne. Ɗayan ɓangaren shi ne labari ya isa kunnen ladan kafin ya kira magariba. Ranar Litinin shagon Rukayya a rufe. Talata ma haka. Laraba na buɗe manhaja na tarar babu tagar, babu waƙoƙin, duka huɗun. Ashe shekara biyu Rukayya tana zuwa ɗakin wata 'yar uwarta a Asokore Mampong suna haɗa su a kwamfuta, ta ɓoye fuskarta da sunanta don kada a ɗora wa mahaifinta magana a bakin masallaci. Ni na kwance mata wannan duka a cikin minti uku, don a tafa mini.

Ranar Alhamis ta buɗe. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, na ce na zo ba da haƙuri. Ba ta ce in zauna ba, ba ta kuma kore ni ba.

“Baba bai yi faɗa ba,” ta ce. “Cewa ya yi in fassara masa abin da nake faɗa a ciki, baiti-baiti. Na fassara. Ya ce in sauke su tukuna sai ya yi tunani. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.”

Na ce ban sani ba, wallahi.

“Na san ba ka sani ba.” Ta ɗauko wayarta, ta nuna mini hoton dogon sharhina da ta ajiye. “Kai ne mutum na farko da ya rubuta mini wani abu. Ni da 'yar uwata mun yi dariyar Turancin, amma na ji daɗinsa. Shi ya sa na ƙyale ka da Landan ɗinka.”

“To me ya hana ki gaya mini?”

Ta dube ni sosai. “Yaushe? Ka taɓa yin shiru?”

Na bincika ƙwaƙwalwata, ban samu ranar ba.

Bayan wasu watanni biyu daga cikin waƙoƙin suka dawo, har yanzu babu fuska. Ban san yadda suka ƙare da ladan ba, kuma ban isa in tambaya ba. Yanzu ana sa su a bukukuwa daga Zango har Asokore Mampong. Maganar auren da na shekara ina shirin aika manya su kai gidan su Rukayya kuwa, ban aika ba, don ban san da wace fuska kawuna zai zauna gaban Mma Salamatu ba. Muna gaisawa da Rukayya. Wannan karon da gaske nake, gaisuwar ce kawai.

Malamai za su ce darasin shi ne a bar ƙarya, kuma gaskiyarsu. Ni dai abin da na ɗauka ya fi haka ƙanƙanta. In mai shiru ya buɗe baki ya ce maka “don Allah kada”, ka tsaya ka tambayi dalili, domin ya san abin da ba ka sani ba. In kuma tsohuwa ta ƙaryata ka a gaban jama'a, ka fara ajiye makirfo kafin ka yi mata gyara.