Magoya Bayan Honarabul Badaru

Duk wanda ya lissafa manyan mutanen Daura ya tsallake Honarabul Badaru, lissafinsa bai cika ba, kuma Honarabul da kansa zai tako har gida ya gaya masa haka. Mutum ne mai kwarjini, musamman daga nesa. Bai taɓa cin zaɓe ba, bai ma taɓa tsayawa ba, amma sunan Honarabul ya zauna masa daram, domin shi ya raɗa wa kansa, kuma babu wanda ya kai shi sanin cancantarsa.

Sana'arsa ita ce kai buhunan gero da fasinjoji Dutsi ranar kasuwa a cikin wata tsohuwar bas. Shi yana kiran wannan harkar sufuri ta ƙasa da ƙasa, saboda ya taɓa sauke kaya a Kongolam, ya hango Nijar da idonsa. Bas ɗin ta girmi 'yarsa ta fari, wadda yanzu take goyon na biyu. Ƙofar gefe da igiya ake ɗaure ta. Duk da haka ta yi shekaru tana ciyar da gidan, shi da matarsa Ikilima da mahaifiyarsa Hajiya Haulatu, ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Wata safiya ya murɗa makulli, motar ta ce ƙas. Ya sake murɗawa, fitilun gaban sitiyari suka dushe kamar za su mutu, ta sake cewa ƙas. Ya taka totur, ya yi bisimilla, ya daki sitiyari, ba ta canza magana ba. Maƙwabta da ke zaune a teburin mai shayi suka ji tausayinsa, suka ajiye kofunansu suka kama turi. Ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci, injin ya yi tari ya kama.

A daidai lokacin ne ya kalli madubi, kuma abin da ya gani ya canza tarihin unguwar. Ga maza magidanta a bayansa, kai a sunkuye, suna gudu, suna gumi, suna kiran sunansa. Tunda aka haife shi ba a taɓa bin sa a baya ba sai a sahun jana'iza, shi ma ba shi ake bi ba. Ya isa Dutsi ranar yana jin kansa wani iri. Kafin ya dawo ya gama yanke shawara cewa al'umma ta kira shi, kuma ba zai ba ta kunya ba.

Da yamma ya tsaya a majalisar ƙofar masallaci ya yi jawabi. “Ya ku 'yan uwana talakawa,” in ji shi, “na ga abin da kuka yi da safe, kuma na fahimci saƙon. Wasu shugabanni sai sun ɗauko hayar jama'a daga ƙauye. Ni kuwa ko shayi ba a ƙarasa sha idan na fito. Na karɓi wannan nauyi.” Malam Mainasara tela, wanda ya fi kowa yin turin, ya so ya ce wani abu, amma numfashinsa bai gama dawowa ba.

Ikilima ce ta matsa masa ya je a duba motar. Ya tafi shagon Obioma mai sayar da kayan gyaran mota, wanda aka haifa a Daura kuma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗin ji. Honarabul ya shiga da bayaninsa a shirye: batir ne ya gaji, ko kuma 'yan adawa sun sa hannu. Obioma ya ɗaga kujera, ya leƙa, ya ce batirin lafiyarsa ƙalau. Ya nuna masa kan batirin, inda wani farin gari mai kore-kore ya taru kamar kanwa. Ya murza babbar wayar, robarta ta farfashe a hannunsa, jan ƙarfen da ke ciki duk ya tsintsinke, saura 'yan silla. Ya ce wutar tana nan, hanyar wucewa ce babu, kuma mai gyaran waya zai canza ta kafin a idar da sallar la'asar.

Honarabul ya yi murmushin da manya ke yi wa wanda bai san duniya ba. “Obioma, kai ɗan kasuwa ne, waya kake gani. Ni ɗan siyasa ne, jama'a nake gani. Mayar da kujerar.”

Daga nan turi ya zama tsarin mulki. Honarabul ya daina ajiye motar a gangaren da ke bayan gidansa, inda mutum biyu suka isa, ya koma ajiye ta a cikin yashi daidai ƙofar masallaci. Ba ya tashi sai an sallame sallar asuba mutane sun fito. Ya kafa wayarsa a gilashin baya yana ɗaukar bidiyo, ya ɗora waƙar yabo a kai, ya watsa. A bidiyon ba a ganin hannuwan da ke jikin motar. Fuskoki kawai ake gani suna biye da shi a guje, jijiyoyin wuya a tashe, kuma duk wanda bai san unguwar ba zai rantse ƙauna ce.

A bayan idonsa aka fara kiransa Sai-an-tura. Da ya ji, ya ce sunan ya yi daidai, domin shugaba na gari ba ya neman mulki sai jama'a sun tura shi. Mai shayi ya kwashe teburinsa ya koma wani lungu. Malam Mainasara ya fara ɗaura ɗamara saboda ciwon baya. Wasu dattawa suka gano cewa masallacin ƙasan layi ya fi lada saboda nisan tafiya. Honarabul ya lura sahun yana raguwa, ya sanar cewa an fara sayen magoya bayansa, wanda ke nuna cewa manya sun tsorata.

Ana cikin haka damina ta kankama, maza suka koma gona. Wata rana da hantsi Hajiya Haulatu, wadda ke fama da hawan jini, ta tashi za ta yi alwala, jiri ya kwashe ta ta faɗi a tsakar gida, bakinta ya karkace. Ikilima da wata maƙwabciya suka ciccibe ta suka sa a mota. Honarabul ya murɗa makulli. Ƙas. Ya leƙa ta taga yana kiran al'umma, layin babu kowa sai awaki. Ya murɗa, ya sake murɗawa, tsohuwa tana nishi a bayansa.  Ikilima ta fita ba takalmi ta tare ɗan acaɓa, aka ɗora Hajiya a tsakiya, ita ta riƙe ta ta baya, a haka suka isa asibiti. Allah ya sa da sauran kwana. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya bambanta.

Ga masu zuwa dubiya, Honarabul ya yi bayanin cewa shi ya ba da umarnin a ɗauki babur, saboda ya fi kutsawa cikin cunkoso, kuma irin wannan saurin tunani ne ake buƙata a shugabanci. Hajiya, da bakinta da bai gama daidaita ba, ta juya fuskarta bango.

Bayan an sallamo su, Ikilima ta jira ya kwanta barcin rana. Ta zare makullin daga aljihun rigarsa, ta aika wa Obioma, ya zo da mai gyaran waya. Aka kankare kan batir, aka sa sabuwar waya, aka ɗaure tam. Zakaranta guda ne ya biya aikin. Kafin magariba duk unguwar ta ji labari, har wata tsohuwa ta raba ƙosai sadaka. Mutum ɗaya ne bai ji ba, domin ba wanda ya iya samun sarari a cikin jawabinsa ya gaya masa.

A daren ranar kuwa aka kira shi daga Katsina. Wani babban ɗan siyasa ya ga bidiyon, yana neman mai jama'a da zai riƙe masa yankin Daura, kuma zai turo wakilinsa da safe ya gani da ido.

Washegari da safe Honarabul ya fito cikin babbar riga mai aska, hula ta sha kari. Ya hau mota ya yi kira a zo a cika alkawari. Mutane suka fito kuwa, fiye da kullum, amma suka tsaya a gefe, hannuwa a baya. Malam Mainasara ya ce, “Murɗa dai tukuna, Honarabul.” Ya murɗa don ya nuna musu. Injin ya tashi nan take, yana ruri kamar sabo. Jama'a suka yi hamdala, suka yi masa barka, kowa ya kama gabansa.

Wani zai ga ƙarshen tafiya ke nan, amma ba Honarabul ba. Ya ja motar zuwa bakin hanyar da baƙon zai shigo, ya kashe ta, ya ɗaga kujera, ya sa sifana ya kwance sabuwar wayar. Garin sauri notin ya suɓuce ya faɗa kwata. Ya fito yana kira cewa ta sake mutuwa. Masu wucewa suka yi dariya suka ce ai an gyara, su ma sun ji tashinta. Ya yi ƙoƙarin mayar da wayar, ba abin ɗaurewa, motar ta koma cewa ƙas, wannan karon da gaskiyarta. Ga shi ta tare hanya, masu amalanke sun fara yi masa magana. Ya cire babbar riga da hula don kada baƙin mai ya ɓata su, ya rage daga shi sai singileti. Hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙofa, ya fara turawa.

A haka wata baƙar jif ta tsaya kusa da shi, gilashi ya sauka. Mutumin da ke ciki ya dubi fastar Honarabul da ke manne a jikin bas ɗin, hoton wani saurayi mai sheƙi da aka ɗauka tun kafin furfura, sannan ya dubi mai turin.

“Sannu da aiki, direba. Ina Honarabul ɗin?”

Badaru ya dubi hanya ta sama, ya dubi ta ƙasa. Ya share gumi da bayan hannu, baƙin mai ya shafe masa goshi.

“Ya ɗan fita, ranka ya daɗe.”

Baƙon ya girgiza kai. “To, idan ya dawo ka gaya masa ya ji tsoron Allah. Mutumin da zai bar dattijo kamarka yana tura masa mota shi kaɗai, ba irinsa muke nema ba.”

“Zan gaya masa,” in ji Badaru.