Rasuwar Shaho, Jirgin Yaƙin Gidan Obadiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan abin da ya fi baƙin ciki zafi, ni Albarka Obadiya na Sintali B, Jalingo, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Shaho, tsohon jirgin yaƙin da ke tsaye a bayan gidanmu. Ya rasu ranar Laraba da rana tsaka, yana sheƙi.

Marigayin ya yi yaƙin basasa. An harbe shi a wutsiya, ya dawo. An ɓula masa fiffike, ya dawo. Duk dawowar da ya yi, hannun mahaifinmu Baba Obadiya ne ke toshe masa rauni, lokacin Baba yana saurayin makaniken jiragen soja. Bayan yaƙi aka jefar da shi cikin ciyawa, awaki suka mai da inuwarsa ɗakin haihuwa. Daga can muka saye shi a gwanjo, tirela ta kawo shi, rabin unguwa na binta a ƙafa.

Shekaru muka kwashe, ni da Zacchaeus makanike, muna ƙoƙarin ta da injinsa. Ba mu ce zai tashi sama ba. Buri ɗaya ne: Baba, wanda idanunsa suka tafi, ya zauna a kujerar matuƙi ranar Asabar ɗin nan da zai cika tamanin, ya sake jin injin nan da kunnensa. Watan jiya marigayin ya fara magana. Ya ce "tik, tik, tik". Ya ce "fuuu". Zacchaeus ya cire hula ya yi kuka.

Ga yadda ajali ya zo. Na tafi garin Lau ɗauko batir. Ƙanwata Rebeka, shugabar zumuntar mata ta cocinmu kuma gwanar haɗa sabulu, ta dubi jirgin ta ga baƙi za su zo su same shi da dauɗa. Ta tara mata, suka dama sodar sabulu baho-baho, suka wanke shi suna waƙa. Da suka leƙa bakin injin suka ga baƙi ƙirin, sai Rebeka ta tuttula sauran sodar ciki, ta ce a bar shi ya jiƙa, haka ake yi wa tukunyar da ta ƙone. Jikin Shaho alminiyam ne. Soda cin sa take yi.

Na dawo na tarar yana kumfa. Muka gwada tayar da shi. Ya ce "kof". Ya ce "krrr". Wani farin ruwa ya zubo masa daga ciki, shi ke nan. Abin da bindigogin yaƙi suka kasa, zumuntar mata ta gama shi kafin a sauke tuwon rana.

Na tambayi Rebeka, ta ce, "Yaya, wanke shi ne kawai mun yi fa. Ka duba yadda ya yi kyau." Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa ganin gawa mai tsabta irin wannan ba.

Marigayin ya bar tayoyi uku, da kujerar matuƙi, da Zacchaeus wanda ya daina amsa gaisuwa. Ya bar Baba, wanda kullum da safe yake tambayata, "Albarka, mutumina ya yi tari yau?" Ni kuma in ce masa lafiya lau yake.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Masu narka alminiyam za su zo da zarto su ɗauke shi gunduwa-gunduwa. Abincin da aka shirya wa biki shi za a ci a zaman makoki. Masu zuwa ta'aziyya su rage murya a ƙofa, domin Baba bai sani ba tukuna, ya ma sa an goge masa tsohuwar rigarsa ta soja. Za mu zaunar da shi a kujerar matuƙin, a tsakar gida, a gaban kowa. Sannan Rebeka ta matso ta faɗa masa da bakinta.