Rasuwar Na'urar Dangwale ta Ɗakin Kati

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da nake ta fama in ɗaure, nake sanar da rasuwar na'urar dangwale ta ɗakin katin asibitinmu. Ta cika jiya da hantsi, a kan teburina.

Gwamnati ce ta kawo mana marigayiyar, da kuɗin zamanantar da asibitoci. Ka ɗora babban yatsa, ta ce "tit", bayananka su fito a kwamfuta. Aikina ke nan a da, da hannu. Shi ya sa shugaban ma'aikata ya ce in ta zauna da gindinta, ƙarshen wata in nemi wata sana'ar.

Ban riƙe ta a rai ba. Allah ya gani, na so ta. Ba ta da surutu, kamar ni. Ba ta san ɗan wane ba, ƙanin likita ma sai da ya bi layi. Kullum da safe ni ke goge mata fuska da gefen rigata.

Aibinta ɗaya, ba ta ganin yatsan mai aikin ƙarfi. Magina, masu wankau, tsofaffi, duk "tit-tit-tit" da jar wuta. Injiniyan da ya haɗa ta ya ce in yatsa ya bushe a ɗan shafa mai. Bai faɗi wane mai ba. Bai faɗi iyakar "ɗan" ba. Baba maigadi ya ɗauki maganar, ya dinga shela a bakin ƙofa: "Jama'a, ba mai, ba likita!"

Mata suka zo da man kitso. Wasu da man girki a murfin kwalba. Marigayiya ta sha, ta yi sheƙi, har muna cewa aiki ya karɓe ta. Sai murya ta soma dishewa. Jiya wani bakanike ya dangwala mata baƙin mai. Ta ce "tiii". Shi ke nan.

An nema mata magani. Aka ce kuɗin saye aka ware, ba a ware na gyara ba.

Ta rasu ta bar aminiyarta kwamfuta, wadda ta zuba wa bango ido, da igiyar caji marainiya, da hotonta tare da manyan baƙi ranar buɗewa.

Shugaban ma'aikata ya zo ta'aziyya da kansa. Ya dubi layi har bakin titi, ya dube ni.

"Kai, sarkin ɗaure fuska, makullin durowar kati yana wurinka?"

"Yana nan, ranka ya daɗe."

"To, riƙe."

Na shige bayan ƙofa don in yi kuka. Rawa ce ta fito.

Gobe da safe za a wanke ta da sabulu mai cire maiƙo, a mayar da ita kwalinta, a kai ta sito kusa da yayyenta na shirin da ya gabata. Zaman makoki a tagar ɗakin kati. Kowa ya zo da tsohon katinsa. Wanda ya yar da nasa ya kwantar da hankali, zan rubuta masa sabo. Ina nan, ba inda za ni.