Ranar da Giwan Ruwa Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin ba, a shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa, kowane ofishi yana neman abin da zai kashe wa kuɗi. Ni kuwa sabon ma'aikaci ne a sashen kifi na ofishin gona a Katsina. (E, sashen kifi a Katsina. Ku yi dariyarku, mu ma mun yi.) Ga takardar makarantar gona, ga sabon babur, ga wando mai faɗin ƙafa. Tafiya ma sai da yanga.

An gina madatsar ruwa a bayan gari, aka ce a zuba mata kifi. Aka ɗauko wani masunci daga Yawuri, Malam Ɗanjuma, ya kawo mana ƙananan karfasa da giwan ruwa guda ɗaya, mace, ta kusa kai ƙuguna in an tsayar da ita. Ya ce irinta sun fara wuya a kogi saboda masu raga mai ƙananan ido, don haka a riƙe ta da daraja. Muka saka su a kwarmin siminti biyu a bayan ofis, sai Litinin a kai su.

Ranar Juma'a na tarar kwarmin karfasa yana yoyo. Ban tambayi kowa ba (mai takarda ya tambayi masunci?), na kwashe su na juye wajen giwar. Har na zuba mata dusa da guntun tuwo, kamar ina kiwon rago. Na hau babur na tafi masallaci ina yaba wa kaina.

Litinin da safe na leƙa. Karfasa sun zama 'yan tsiraru, sun maƙale a lungu. Nan take na nemi wanda zan ɗora wa, idona ya sauka kan Baba Audu maigadi, dattijo daga Ƙofar Sauri mai 'ya'ya takwas.

"Baba, ina kifin gwamnati?"

"Wane kifi, Malam? Ni ko ƙarninsa ba ni so."

Ban saurare shi ba. Na garzaya wajen shugabanmu, Alhaji, na rattaba bayani har da ƙarin gishiri, wai na ji ƙamshin suya. Wallahi ban ji komai ba. Alhaji ya fito ransa a ɓace ya ce wa akawu ya rubuta wa Baba takardar sallama. Baba ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ranka ya daɗe, shekara goma sha ɗaya ko tsinke bai ɓace ba. Mi zan ce wa iyalina?"

Ana cikin haka Malam Ɗanjuma ya iso da komarsa ta kamun kifi don ɗaukar giwar. Ya dubi ruwan, ya dubi tuwona yana yawo a sama. Shi da ma'aikata biyu suka cicciɓo ta, cikinta ya yi tulu. Tana jin iska ta yi wata girgiza, ta wangale baki, ta amayo karfasa a kan takalmin Alhaji. Wasu ko narkewa ba su yi ba.



"Wane mai hankalin ne ya haɗa su?" in ji Malam Ɗanjuma. "Ai kura ce ta ruwa. Ni ma da karfasa mai rai na kamo ta a ƙugiya."

Na so ƙasa ta tsage. Na ɗaga hannu a hankali kamar ɗan firamare. Abin takaicin, wannan tambaya ta fito mana a jarrabawa, abincin giwan ruwa, kuma na ci ta.

Alhaji ya dube ni, ya dubi takalminsa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya karɓi takardar sallamar daga hannun akawu ya yayyaga. Ban taɓa jin daɗin ƙarar yagewar takarda irin na ranar ba. Giwar ta isa madatsa da ranta, sauran karfasan ma haka, a wani duro daban.

Da yamma na sayi goro na tafi har Ƙofar Sauri, na durƙusa a zauren Baba na roƙi gafara.

"Ba komai, ɗana," ya ce. "Ka dai gode Allah kifin bai iya riƙe sirri ba. Da ya iya, da hakkina na kanka har kabari."

Tun daga ranar, in abu ya ɓace a hannuna, aljihuna nake fara lalubawa kafin in dubi fuskar talaka.