Firjina Ya Je Jamus Ya Dawo

Jama'a ku taya ni murna, yau na sayi firjina. Ba sabo ba, nawa na kaina, wanda muka saya ni da matata Shefika shekarar aurenmu. Ni da maƙwabcina Vehid muka ɗauko shi a kafaɗa har hawan ƙarshe, don lif ɗin gininmu ya rasu tun zaɓen da ya wuce, kuma har yau ba a zo gaisuwa ba. A kwance nake wannan rubutu, bayana kamar an yi sussuka a kai.

Ga yadda aka yi. Farkon bazara Mai Girma Uban Tsimi na Ƙasa, Allah ya ƙara wa kumatunsa albarka, ya fito a talabijin ya ce ya gano ɓarawon da ke cinye fanshon talaka. Na gyara zama, na ce yau za a ambaci suna. Ashe wai tsohon firji ne. Ya ce kowa ya kawo nasa a murƙushe shi, a rage masa farashin sabo mai koren tambari, kuɗin wuta zai sauka rabi. Ni kuwa fanshona kan suma tun tsakiyar wata, sai kwaɗayi ya ɗebe ni. Na je na bi layi a Ofishin Tsimi, inda fitilu ke kunne da rana tsaka, na'urar ɗumama ɗaki na ruri, taga kuma a buɗe don kada ma'aikata su yi gumi.

Aka tafi da tsohon, aka kawo sabon. Dogo, siriri, ba ya ko tari. Ina ta shafa tambarinsa, Shefika kuwa ta juya. Ta shiga ta ɗauko tiren pita, gasasshen abincin fulawar nan namu, babban tiren mai zagaye da ta gada wajen uwarta. Duk matar garin nan da shi take auna firji, da shi take auna tanda, ina jin har miji da shi ake aunawa. Ta tura, ya ƙi. Ta karkata, ya ƙi.

"Hamdija," ta ce, "wa ya ƙera wannan?"

"Injiniyoyi, masu ilimi."

"Marayu dai. Wanda uwarsa ta taɓa yi masa pita ba zai ƙera wannan akwatin gawa ba."

Na ce ta yi haƙuri, takardar wuta za ta rama mana. Takarda ta zo, ta fi ta da. Na goge tabarau na sake dubawa, ba ta canza ra'ayi ba. Na koma ofis, wata yarinya mai jan farce ta yi mini bayani cikin ladabi.

"Baba, ai firjinka ya yi ƙoƙari, ya rage shan wuta sosai. Matsalar ita ce na kowa ma ya rage. Da kamfani ya ga ciniki ya ja baya, dole ya ƙara farashi."

"To wannan sabon layin da ke ƙasan takardar fa?"

"Gudummawar shirin tsimi ce. Da ita ake biyan rangwamen da aka yi muku."

Allahu akbar! Wato ni na yi wa kaina kyauta, Mai Girma kuma ya karɓi godiya. Wallahi na sara wa wannan basira. An shafa mini man kaina a baki, ina ta lasa ina sa albarka.

Ana wata ga wata. Ɗanmu Nermin ya bugo waya daga Jamus, wai ƙarshen watan nan zai zo da iyayen yarinyar da yake nema. Shefika ta ajiye wayar ta dube ni, kallon da na san ƙarshensa.

"Ba zan yayyanka pitata in cusa cikin robobi kamar abincin asibiti ba. Su koma su ce uwar ango ba ta da hannu? Ko ka nemo inda tirena zai shiga, ko ka nemo inda kai za ka shiga."

Vehid ya ce a kai pitar firjin matarsa Fikreta. Shefika ta ce gara ta kai wa karnuka, don duk abin da ya kwana a firjin Fikreta, gari ya waye an san yawan man da ke ciki har bakin kogi.

Shi ya sa yau Lahadi muka tafi kasuwar gwanjo neman tsoho mai faɗin ciki. Muna shiga sai ga tsofaffin firji jere, farare fat, sahu bayan sahu, duk waɗanda aka ce an murƙushe. Vehid ya tsaya cak.

"Maƙwabci, wancan ba naka ba ne?"

Shi ne. Ga lotsawar da Nermin ya yi masa da ƙwallo, ga mariƙin da na ɗaure da waya da hannuna. Idona ya ciko, ba zan ɓoye muku ba.

Mai kayan, wani ƙato mai sarƙar zinariya, ya matso. "Kawu, kana da ido. Jiya ya sauka daga Jamus. Wata tsohuwa ce ta riƙe shi, magani kawai take sawa."

"Ɗan nan, wannan lotsawar a ɗakin girkina aka yi ta."

"To ka ga ai ka san ingancinsa, ba sai na yi dogon bayani ba."

Vehid ya raɗa mini cewa ƙaton surukin wani ne, wanin kuma ba a faɗin sunansa a kasuwa. Na biya fiye da rangwamen da aka yi mini, na ce wa ƙaton a gai da mutanen Jamus.

Da muka jona shi ya yi gurnaninsa na da, gilasan kabad suka amsa. Shefika ta zura tire, ya shige ya bar wuri. Ta yi murmushin da ban gani ba tun bazara. Ni kuwa na leƙa mita, na gan ta tana gudu kamar an biyo ta.

"Biyu ba za su yiwu ba," na ce. "Fanshona ba zai ciyar da su ba."

"Ai na sani," ta ce. Ta sunkuya ta zare wayar sabon daga bango, ta shimfiɗa masa saƙaƙƙen kyalle a ka, ta fara jera kwalaben yajin hunturu da garin fulawa a ciki.

Don haka masu zagin Mai Girma ku ji tsoron Allah, mutumin nan bai yi ƙarya ba. Tun azahar nake sa ido a kan sabon firjin nan, ko ɗigon wuta bai sha ba.